Sharhi: Maganaɗisun da ba ya cin wuta da makomar na'urar MRI mai araha

A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Mbarara da ke kudu maso yammacin Yuganda, mutum goma sun buɗe akwatunan kaya da aka kawo ta jirgin sama daga ƙasar Holan, suka shiga jera dubban ƙananan dunƙulayen maganaɗisu cikin zobba na roba mai tauri. Huɗu daga cikinsu masu koyarwa ne, shida kuwa ba su taɓa yin irin wannan aiki ba. Cikin kimanin kwana 11, kamar yadda rahoton da suka wallafa a shekarar 2023 ya nuna, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI da suka harhaɗa ta fitar da hoton gwaji na farko.

Aikin, wanda Dakta Johnes Obungoloch na jami'ar ya jagoranta tare da masana daga Jami'ar Leiden ta Holan da kuma Amurka, ya zama abin misali a muhawarar da ake yi kan yadda ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su samu na'urar da ta daɗe tana hannun manyan asibitoci kaɗai. Jigon muhawarar kuwa abu ɗaya ne: maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Shi ne ya sa MRI ta yi tsada da nauyi, kuma sake fasalinsa ne ya buɗe ƙofar araha. Sai dai kowace riba da masu ƙira suka samu, akwai abin da suka bayar a madadinta, kuma ya kamata masu saye su san wannan ciniki kafin su sa hannu a takardar kwangila.

Girman giɓin

Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a yankin Afirka ta Yamma, domin al'umma fiye da miliyan 370. Najeriya ce ke da 58 daga ciki, Gana na da 14. Ma'ana, a lokacin binciken, kowace na'ura ɗaya a Najeriya tana ɗauke da nauyin mutum fiye da miliyan uku. A Japan kuwa, kowane mutum miliyan ɗaya yana da na'ura fiye da 50. An ƙara sayen wasu tun daga lokacin, musamman a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane, amma ba a kai ga sauya hoton gaba ɗaya ba: mai jinya a ƙaramar hukuma yakan yi tafiyar sa'o'i kafin ya isa inda na'urar take, in ma tana aiki.

Dalilin ƙarancin ba farashin saye kaɗai ba ne, ko da yake a kasuwar an saba kiyasta kimanin dala miliyan ɗaya kan kowace tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Na'urar da aka fi sani a asibitoci tana da tesla 1.5 ko 3. Tesla 1.5 ta ninka ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 30,000. Ana samar da wannan ƙarfi ne ta hanyar zagaya wutar lantarki cikin wayar da aka sanyaya har zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, inda take daina yi wa wutar turjiya. Abin da ke sanyaya ta shi ne ruwan iskar hiliyom, kuma na'urorin da aka saba da su kan ɗauki lita 1,500 ko fiye.

Injin da ke hana wannan ruwa ƙafewa ba ya hutawa, dare da rana, ko akwai mai jinya ko babu. Idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci kuma janareta bai tashi ba, hiliyom zai fara tsiyayewa, maganaɗisun ma yana iya mutuwa, kuma tayar da shi aiki ne na injiniyan kamfani da kuɗin waje. Ga kuma ɗaki na musamman mai rufin tagulla domin tare siginar rediyo, da daɓen da zai iya ɗaukar tan da yawa. Tun da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane kilowat a sa'a a watan Afrilun 2024, kuɗin wuta ya zama ɗaya daga cikin manyan koke-koken asibitocin koyarwa.

Abin da maganaɗisu ke yi a cikin na'urar

Mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai ƙwayoyin haidurojin, waɗanda kowace ɗaya tamkar ƙaramar allurar kamfas ce. Idan aka sa mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, wani ɗan kaso na waɗannan allurai yakan karkata ya bi layinsa. Sai na'urar ta aika siginar rediyo ta ture su, sannan ta saurari amon da suke mayarwa yayin da suke komawa yadda suke. Daga wannan amo kwamfuta ke zana hoto. Wannan dabara ce ta sa aka ba Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Birtaniya kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2003.

Kason da ke karkata ƙanƙane ne ƙwarai. A tesla 1.5, kimanin biyar ne cikin miliyan. A na'ura irin ta Mbarara, mai militesla 50, wato kashi ɗaya cikin 30 na waccan, kusan ɗaya ne cikin miliyan shida. Wannan shi ya sa masana'antar ta shafe shekaru tana tseren ƙara ƙarfi: ƙarin ƙarfi, ƙarin amo, ƙarin tsabtar hoto. Masu ƙera ƙananan na'urori sun juya wa wannan tsere baya da gangan. Tambayarsu ita ce, mene ne mafi ƙarancin ƙarfin da zai ba likita amsar da yake nema?

Amfani da maganaɗisun dindindin, wanda ba ya bukatar wuta ko sanyi, ba sabon abu ba ne. Binciken Ogbole ya gano cewa 45 daga cikin na'urori 58 na Najeriya masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma irin waɗannan galibi suna amfani da manyan faifan maganaɗisu biyu, sama da ƙasa, da aka ɗaure da firam na baƙin ƙarfe. Suna ba da tesla 0.2 zuwa 0.4, amma nauyinsu kan kai tan goma ko fiye. Sun kawar da matsalar hiliyom, ba su kawar da ta nauyi da gini ba. Sabon abu shi ne yunƙurin sauke nauyin daga tan goma zuwa abin da mutum ɗaya zai iya turawa a kan tayoyi.

Dabarar Halbach

Abubuwa biyu suka haɗu suka ba da damar hakan. Na farko shi ne sinadarin. A farkon shekarun 1980, Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, sun samar da haɗin niyodimiyom da baƙin ƙarfe da boron, wanda har yau shi ne maganaɗisun dindindin mafi ƙarfi da ake sayarwa. Shi ne a cikin lasifikar wayar salula da injin motar lantarki, kuma yawan bukatarsa ya sa ƙananan dunƙulayensa suka zama kayan kasuwa da ake oda da dubbai.

Na biyu shi ne tsarin jerawa. A 1980, Klaus Halbach, masanin kimiyyar lissafi da ke aiki a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka, ya bayyana yadda za a jera maganaɗisu a da'ira ta yadda ƙarfinsu zai taru a ciki, ya kusa soke kansa a waje. Sirrin yana cikin fuskar da kowane dunƙule ke kallo. Idan mutum ya zagaya zoben sau ɗaya, zai ga fuskar dunƙulayen ta juya sau biyu. Halbach ya yi wannan ne domin injinan binciken ƙwayar zarra, ba domin asibiti ba, amma tsarin ya dace da MRI ta fuskoki uku. Ba ya bukatar firam na baƙin ƙarfe, don haka nauyi ya faɗi. Ƙarfin da ke fita waje kaɗan ne, don haka ba sai an keɓe babban ɗaki ba. Kuma layin ƙarfin yana ratsa ramin ne a gicciye, abin da ke ba da damar amfani da nau'in eriya mai naɗi kewaye da kai, wadda ta fi sauran jin amo.

A 2019, Tom O'Reilly da Farfesa Andrew Webb na Leiden sun wallafa ƙirar da ta zama tushen na'urar Mbarara. Sun jera dunƙulaye kusan 3,000, kowanne mai faɗin milimita 12, kwatankwacin dunƙulen magi, cikin jerin zobba da suka ba da rami mai faɗin santimita 27 da ƙarfin militesla 50. Nauyin maganaɗisun duka bai kai kilo 100 ba. A Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, Clarissa Cooley da Lawrence Wald sun bayyana a 2021 wata ƙira mai militesla 80 da nauyin kilo 122. A birnin Valencia na Sifaniya, tawagar Joseba Alonso ta ɗora tata a kan tayoyi ta ɗauki hoton gwiwa a cikin gida da kuma a fili.

Daidaito ya fi ƙarfi wuya

Samun ƙarfi ba shi ne babban ƙalubalen mai ƙira ba. Ƙalubalen shi ne ƙarfin ya zama ɗaya a ko'ina cikin wurin da kan mai jinya zai shiga. Dalili kuwa, na'urar tana gane inda kowane amo ya fito ne daga zangonsa, kuma zangon ya dogara kai tsaye da ƙarfin maganaɗisu a wannan wuri: megahaz 42.58 kan kowace tesla. Idan ƙarfin ya bambanta daga gefe zuwa gefe ba bisa tsari ba, kwamfuta za ta ajiye abu a inda ba nan yake ba, hoton ya lanƙwashe kamar fuska a madubin da ya karkace.

A lissafi, bututun Halbach marar iyaka yana ba da cikakken daidaito. A zahiri, bututun gajere ne, domin kafaɗun mai jinya ba za su shiga ramin santimita 27 ba, dole kan ya isa tsakiya daga baki. Gajartar tana sa ƙarfi ya ragu wajen bakunan biyu. Haka kuma da'irar ba sumul take ba, dunƙulaye ne masu kusurwa da tazara a tsakaninsu. Masanan Leiden sun magance wannan ta hanyar barin kwamfuta ta gwada haɗe-haɗe masu ɗimbin yawa na girman zobba, ta zaɓi mafi dacewa. Sakamakon shi ne bambancin kimanin 2,500 cikin miliyan a fili mai faɗin santimita 20. Babbar na'urar asibiti kuwa bambancinta 'yan ƙalilan ne cikin miliyan.

Akwai kuma abin da babu zanen kwamfuta da ke iya hangowa. Dunƙulayen da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa zama daidai wa daida: wani ya ɗara wani ƙarfi da ɗan kaso, wani fuskarsa ta kauce kaɗan. Idan aka tara dubbai, ƙananan kurakuran sukan taru su zama babba. Shi ya sa bayan an gama harhaɗawa sai an auna ƙarfin a ɗaruruwan wurare cikin ramin, sannan a lissafa inda za a ƙara wasu ƙananan dunƙulaye domin gyara. Aikin yana bukatar haƙuri da taka tsantsan, domin dunƙulayen suna fizgar juna da ƙarfin da ke iya matse yatsa ko fasa su, kuma ɗaya da aka sa a juye ya isa ya ɓata ma'auni.

Tawagar Boston ta bi wata hanya dabam. Maimakon yaƙi da rashin daidaito, ta ƙera maganaɗisun da ƙarfinsa ke sauyawa daga gefe zuwa gefe da gangan, bisa tsarin da aka sani, ta yadda wannan sauyi zai yi aikin ɗaya daga cikin naɗe-naɗen waya masu cin wuta da ke tantance wuri. Wasu kuma, kamar tawagar Farfesa Ed Wu ta Jami'ar Hong Kong, sun tsaya kan tsarin faifai biyu da firam na ƙarfe: sun karɓi nauyin ɗaruruwan kilo domin samun daidaito mafi kyau da sarari ga mai jinya. Babu ƙirar da ta tara komai. Wanda ya nemi sauƙin ɗauka zai rage daidaito, wanda ya nemi faɗin rami zai rage ƙarfi ko ya ƙara kuɗi.

Zafi da hayaniyar wuta

Ga ƙasashe masu zafi, akwai ma'auni ɗaya da bai kamata a tsallake shi ba. Maganaɗisun niyodimiyom yana rasa kimanin kashi 0.12 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, ya kuma dawo da shi idan ya huce. Adadin kamar ba komai ba ne, amma a militesla 50, inda na'urar ke sauraro a kusan megahaz 2.1, digiri ɗaya yana gusar da zangon da kimanin haz 2,500. Idan ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ya yi zafin da ya ƙaru da digiri goma tsakanin asuba da azahar, kamar yadda aka saba gani a Maiduguri ko Sakkwato, ƙarfin zai gusa da 12,000 cikin miliyan, wato kusan ninki biyar na bambancin da masu ƙira suka sha wahalar saukowa zuwa gare shi.

Idan dukkan maganaɗisun ya ɗumama tare, gyaran mai sauƙi ne: na'urar tana sake lalubo zangonta kafin kowane hoto, kamar mai murɗa akwatin rediyo ya kamo tashar da ta gusa. Matsalar ita ce ɗumama marar daidaito, idan gefe ɗaya yana fuskantar taga, ko kuma naɗe-naɗen waya na ciki suka yi zafi ana tsakiyar ɗaukar hoto. Mafita ɗaya ita ce amfani da haɗin samariyom da kobalt, wanda zafi ke taɓa shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake yi wa niyodimiyom. Shi tawagar Hong Kong ta zaɓa a na'urarta mai tesla 0.055 da ta bayyana a 2021. Amma ya fi tsada, bai kai niyodimiyom ƙarfi ba, kuma yana da saurin karyewa.

Matsala ta biyu ita ce hayaniya. Megahaz 2.1 yana tsakanin matsakaicin zango da gajeren zango na rediyo, wurin da janareta, inbata, cajar waya da fitilun zamani ke zubar da ƙazantar sigina. Amon da ke fitowa daga kan mai jinya kuwa raunana ne. Gina ɗakin tagulla zai rusa manufar araha, don haka masu ƙira suka koma ga dasa ƙananan eriyoyi a jikin na'urar, su saurari hayaniyar ɗakin, kwamfuta ta cire ta daga amon. Da wannan dabara tawagar Hong Kong ta wallafa a mujallar Science a 2024 hotunan sassan jiki daban-daban daga na'ura mai tesla 0.05 da ke aiki da soket na bango, tana cin wat 1,800 yayin ɗaukar hoto, kwatankwacin butar dafa ruwa ta lantarki. Irin wannan nauyi ne da faifan sola da batura za su iya ɗauka. Sai dai hayaniyar asibitin da ke sauya wuta tsakanin layin gwamnati, janareta da inbata sau da yawa a rana ba irin ta ɗakin bincike ba ce, kuma a wurin kaɗai za a iya tabbatar da cewa dabarar ta yi aiki.

Abin da take gani da wanda ba ta gani

Na'ura ta farko irin wannan da ta shiga kasuwa ita ce Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai tesla 0.064, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2020. Ana tura ta har bakin gadon mai jinya. Likitocin Jami'ar Yale ƙarƙashin Kevin Sheth sun gwada ta a ɗakin kulawa ta musamman. A wani rahoto na 2021 ta gano kimanin kashi 80 cikin 100 na zubar jini a ƙwaƙwalwa, a wani na 2022 kuma ta nuna toshewar jijiya a mutum 45 cikin 50 da aka riga aka tabbatar suna da ita. Bambance waɗannan biyu shi ne matakin farko a jinyar shanyewar ɓarin jiki, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. An kuma yi aiki da ita a Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Cutar da ta zaburar da aikin Yuganda ita ce taruwar ruwa a ƙwaƙwalwar jarirai, wadda ke kumbura kai, kuma a Afirka sau da yawa takan biyo bayan kamuwa da ƙwayar cuta jim kaɗan bayan haihuwa. A nan likitan tiyata yana son ganin inda ruwa yake da inda ƙwaƙwalwa take, abubuwa biyu manya da suka bambanta sarai ko a hoto marar kaifi. Madadin da ake da shi, wato na'urar CT, tana amfani da hasken da maimaita shi ke da haɗari ga jariri. Wannan shi ne misali mafi kyau na ƙira da ta fara daga tambayar likita, sannan ta nemi maganaɗisun da ya ishe ta.

Inda ake neman ƙananan abubuwa kuwa, labarin ya sha bamban. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar sikila, kuma yaran da ke ɗauke da ita sukan samu ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da alama a fili ba, waɗanda MRI kaɗai ke nunawa, kuma ma'auninsu yana farawa daga milimita uku. Mafi ƙanƙantar tabon da binciken Yale na 2022 ya gano ya kai milimita huɗu. Saboda haka ba za a ɗauka cewa ƙaramar na'ura za ta wadatar a nan ba sai an gwada. Haka kuma ƙara tsabtar hoto ta hanyar tsawaita lokaci yana da iyaka, domin ninka tsabtar sau biyu yana cin lokaci ninki huɗu, jariri ko mai jinyar da ke cikin ruɗu kuwa ba ya kwanciya shiru.

Ƙirƙirarriyar basira tana cike wani ɓangare na giɓin, amma da nata haɗarin. Wani bincike na 2021 daga tawagar Farfesa Steven Schiff, abokin aikin masanan Yuganda, ya nuna cewa hoton da kwamfuta ta ƙawata yakan fi burge ido, amma yana iya shigo da siffar da babu ita a kan mai jinya. Hoto mai dushi-dushi da likita ya san iyakarsa ya fi aminci a kan mai sheƙi da ke ɓoye kuskure.

An gudu ba a tsira ba

Ana yawan cewa maganaɗisun dindindin ya 'yantar da MRI daga hiliyom, iskar da ƙasashe ƙalilan irin su Amurka, Katar, Aljeriya da Rasha ke samarwa, wadda kuma ta sha yin ƙaranci, kamar a 2017 lokacin da maƙwabta suka rufe wa Katar iyaka. Gaskiya ne, amma dogaron bai ƙare ba, wuri ya sauya. Ƙasar Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na ma'adanan da ake kira masu wuyar samu, kuma ita ke ƙera kaso makamancin haka na maganaɗisun da ake yi da su.

A ranar 4 ga Afrilun 2025, Sin ta wajabta neman lasisi kafin fitar da nau'i bakwai na waɗannan ma'adanai da maganaɗisun da ke ɗauke da su. Niyodimiyom ba ya cikin jerin, amma samariyom yana ciki, haka ma disfurosiyom da ake ƙara wa niyodimiyom domin ya jure zafi, da gadoliniyom da ake yin allurar haska hoton MRI da shi. Fitar da maganaɗisu daga Sin ya ragu sosai a watannin da suka biyo baya, har wasu masana'antun motoci suka dakatar da aiki na ɗan lokaci. A watan Oktoba Sin ta sanar da ƙarin matakai, sannan ta jingine su na shekara guda bayan ganawar shugabanninta da na Amurka a Koriya ta Kudu. Abin lura ga ƙasashe masu zafi shi ne, sinadaran da suka fi dacewa da yanayinsu su ne suka fi shiga tarkon siyasar ciniki.

Akwai dai bambanci mai muhimmanci. Hiliyom da wuta bukatu ne na kullum, maganaɗisu kuwa sau ɗaya ake sayensa, kuma yana iya shafe shekaru masu yawa bai rasa ƙarfin kirki ba. Ƙirar Leiden ba ta wuce kimanin kilo 40 na dunƙulaye ba. Manyan kamfanoni su ma ba su zauna ba: Philips da Siemens sun fitar da manyan na'urori rufaffu da ke amfani da lita bakwai ko ƙasa da lita ɗaya ta hiliyom, ko da yake har yanzu suna bukatar wuta marar yankewa, da gini, da kuɗi mai yawa.

Abin da ya rage wa Najeriya

Akwai ma'adanin monazayit, mai ɗauke da irin waɗannan sinadarai, a turɓayar da haƙar kuza ta bari a Filato. Amma tsakanin yashi da maganaɗisu akwai matakan tacewa masu tsada da dattin da ke ɗauke da sinadarin toriyom mai tururin nukiliya, kuma wannan tafiya ce ta shekaru. Abin da ke kusa da hannu shi ne ilimin ƙira, harhaɗawa, aunawa da gyara. Zanen na'urori irin na Leiden, da na shirin buɗaɗɗiyar fasaha da masana a Berlin ke cikin jagorancinsa, a fili suke ga kowa, kuma kayan aikin da ake bukata ba su fi ƙarfin tsangayar injiniya ta jami'a ba. Ƙungiyar CAMERA, wadda Dakta Udunna Anazodo ta Jami'ar McGill a Kanada ke jagoranta, tana horar da masu aikin MRI a Afirka. Darasin Mbarara shi ne, wanda ya jera dunƙulayen da hannunsa ba zai jira injiniya daga ƙetare ba idan na'urar ta tsaya.

Ya kamata kuma a bambance kuɗin kaya da farashin kasuwa. Masanan Hong Kong sun kiyasta kayan na'urarsu ta 2021 a ƙasa da dala 20,000, amma na'urar da ta cika sharuɗɗan hukuma, mai garanti da manhaja da horo, ana sayar da ita da ɗaruruwan dubban daloli. Tsakanin na'urar ɗakin bincike da wadda za a sa jariri a ciki akwai gwaji a kan masu jinya, da rajistar hukumar NAFDAC, da likitan da zai karanta hoton. Ƙarancin waɗannan likitoci, wanda ƙaurar ma'aikatan lafiya ke ƙara tsanantawa, ba abu ne da maganaɗisu zai magance ba.

Ga jihohi da asibitocin da 'yan kasuwa za su fara tallata wa waɗannan na'urori, tambayoyi uku sun wadatar a matakin farko. Wace cuta aka gwada na'urar a kanta, kuma kashi nawa ta kuskure? A wane zafi da wace irin wuta aka gwada ta? Wa zai gyara ta, kuma daga ina zai taso? Inda amsoshin suka gamsar, ƙaramar na'ura a babban asibitin ƙaramar hukuma za ta iya tantance wanda ya kamata a garzaya da shi asibitin koyarwa da wanda za a yi wa jinya a gida, ta rage wa iyalai tafiyar da ba dole ba, ta kuma bar wa babbar na'ura masu jinyar da ita kaɗai ke iya taimaka musu.